Layi Biyu a Kan Guntun Fata

Bari in faɗa tun farko, don kada wani ya ce abokina nake yabo. Ni Awaisu, mai sayar da fata da gam da zare a layin masu takalma na Malumfashi, na yi shekaru ina jin haushin Malam Mudi mai gyaran keke. Shi ya raba ni da ɗinki, kuma zan zo kan wannan. Amma in aka ce in zaɓi mutum ɗaya cikin duk waɗanda suka ratsa layin nan in ba da labarinsa, nasa zan bayar, domin shi ne nake tunawa in ji abinci ya fita raina.

Keken da nake nufi ba na hawa ba ne, ba kuma irin na teloli masu ɗinka yadi ba. Manyan kekunan wuta ne na ɗinkin fata, masu inji a ƙarƙashin tebur, waɗanda allurarsu ke huda kirgi ninki uku ba ta ko gezau. Daga Funtuwa zuwa Bakori, Kafur har nan Malumfashi, in irin wannan keke ya zo sabo a kwali, ko tsoho daga Kano, Malam Mudi ne ke haɗa shi. In ya fara tsinka zare ko tsallake ɗinki, shi ake yi wa waya. Akwai samari masu taɓa gyaran, amma in sun kwance sun kasa mayarwa, wurinsa dai ake komawa.

Mutumin Funtuwa ne. Mahaifinsa dako yake yi a kamfanin gurzar auduga, a nan Mudi ya fara taɓa ƙarfe, a kan 'yan kekunan da ake ɗinke bakin buhu da su. Daga baya ya tafi Kano ya shiga wani kamfanin takalma, ya koyi manyan kekuna a hannun waɗanda suka san su. Da kamfanin ya rufe, ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya mai cike da sufana da sukundireba. Akwatin nan har yau shi yake ɗauka, mariƙin akwatin ya karye an ɗaure da waya.

Siriri ne dogo, hularsa ta sha mai har ba a gane kalarta ta asali. Ba ya doguwar gaisuwa. In ka ce masa ina gajiya, ya ce babu, shi ke nan, ba zai tambaye ka iyali ba. Mutane suna cewa girman kai ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na fara zuwa Funtuwa sarin kaya na ga inda yake kwana. Ɗaki ɗaya ne a bakin gidansu na gado, an toshe ƙofar ciki an huda masa ta waje. Matarsa Sakinatu ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba. Ɗansu ɗaya, Kabiru, yana can Fatakwal, sai da salla ake jin muryarsa. 'Ya'yan 'yan'uwa suna aiko masa da tuwo in sun tuna. Ya taɓa ce mini, ba da muryar kuka ba, kamar mai faɗin farashin masara: “Ni wayata ba ta ƙara sai in wani abu ya lalace.”

Yana da tsarin aikinsa da ba ya canzawa ko don wa. Ka ga yadi, in ka yi kuskure sai ka warware ka sake. Fata ba ta yafiya, duk inda allura ta huda ya hudu ke nan har takalmin ya mutu. Su kuwa kekunan nan don gudu aka ƙera su, ka ɗan taɓa feda su zabura. Saboda haka in Malam Mudi ya zo haɗa keke, ba ya farawa da sukundireba. Sai ya sa mai keken ya zauna, ya ce taka in gani. Ya tsuguna yana kallon ƙafarka. Mai nauyin ƙafa daban, mai tsoro daban. Daga nan yake sanin girman fulin da zai sa, wato ɗan wilin da bel ke hawa a jikin inji. Ƙarami yana rage gudu, babba yana ƙarawa. Sannan ya koma kan allura da ƙoshiyar zaren ƙasa, ya yi ta matsarwa kaɗan-kaɗan har sai ƙullin zaren sama da na ƙasa ya ɓuya a tsakiyar fata, ba a ganinsa ta gaba ko ta baya. Duk tsawon lokacin nan ba a magana. In ka yi, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zuba maka ido har ka ji kunya.

In ya gama sai a zo kan abin da kowa ke tsoro. Ya yanki guntun fata, ya zauna ya ɗinka layi ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Sak, kamar an ja da rula. Sai ya tashi ya ce wa mai keken, “Naka.” Kai ma ka ɗinka naka a gefen nasa. In layukan biyu suka tafi tare, aiki ya yi, ya saka guntun a ƙarƙashin ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne fata, ya ɗauki akwatinsa. In nasa ya miƙe naka ya karkace, to ba sai an kira alƙali ba. Keke lafiyarsa lau, matsalar tana jikin mai shi.

Haka ya yi mini. Ina saurayi na tattara abin da na samu a noman auduga na sayi keke, wai ni zan zama mai takalma. Na yi ta kiransa ina cewa keken nan ba shi da kirki. Rannan, a gaban mutane fa, ya ɗaga guntun fatar ya ce, “Awaisu, ka nemi wata sana'a. Hannunka gaggawa gare shi.” Kai! Na ji kamar in kwaɗa masa sufanarsa. Na yi wata da watanni ko gaishe shi ba na yi. Amma na sayar da keken na buɗe wannan shago, ga shi a cikinsa na yi aure har na aurar. Ban dai gode masa ba, kuma ba zan gode ba, don akwai yadda ake faɗa wa mutum magana.

Mutum ɗaya ne a duniyar nan na ga Malam Mudi yana dariya da shi. Baba Habila, wanda shagonsa ke jikin nawa. Kirista ne, mutumin wani ƙauye a bayan Kafur, gajere mai faɗin kafaɗa, ga surutu kamar rediyo. Takalman 'yan makaranta yake ɗinkawa, da bel, da jakunkuna. In kaka ta yi kuma manoma su yi masa cincirindo a kan takalman da ke jure kututturen masara. Yana ɗinki yana rera waƙoƙin majami'a ta hanci, har ni na haddace wasu ba da niyya ba. Shi ma matarsa Liatu ta rasu, 'yarsu Salama tana aikin jinya a Jos. A bayan shagon yake kwana.

Malam Mudi ne ya haɗa masa kekensa tun kafin a haifi Salama. Daga wannan lokaci, kowace ranar kasuwar Malumfashi sai ya zo, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Ya shigo motar farko daga Funtuwa, ya zaga shagunan da ke da matsala, sannan ya ƙare a wurin Baba Habila. Tun daga nesa za ka ji Baba Habila ya ɗaga murya:

“Ga makanikin da ke ɓata keke ya iso! Mutumin Funtuwa, me ka kwance mini wancan makon?”

Shi kuma ya ce, “Ƙafarka ce kamar ta mai kwaɓa ƙasa, Habila. Tashi in gani.”

Wallahi mafi yawan lokuta ba abin da ke damun keken. Ya dai buɗe, ya share, ya ɗiga mai, su ɗinka layinsu biyu. Sai Baba Habila ya jawo filas ɗin shayi da ƙullin gyaɗa su zauna a benci. A kusurwar shagon akwai buta da 'yar darduma. Baba Habila ne ya saye su, ba mai taɓa su sai Malam Mudi. In azahar ta yi, shi ne ma ke cewa, “Tashi ka yi sallarka, kada ka je ka ce ni na hana ka.” Hirarsu ba ta wuce keke da fata da mutanen da suka mutu. Amma ina jiyo su ta bango. Mutumin nan da ba ya haɗa kalma biyar da kowa, sai ka ji yana ba da labarin Kano har da kwaikwayon muryar wani manaja, Baba Habila yana dariya yana buga tebur. Bayan la'asar ya ɗauki akwati ya kama hanyar tasha. Na lura in zai tafi a hankali yake tafiya, ba kamar zuwansa ba.

Sau ɗaya na san ya fasa zuwa, wata damina da zazzaɓi ya kayar da shi. Baba Habila ya wuni yana leƙen hanya, ya ɓata takalmin wani yaro, ya yi faɗa da ni a kan gam ɗin da ba abin da ya same shi. Washegari ya rufe shago ya hau mota zuwa Funtuwa da filas ɗinsa a hamata. Da ya dawo ya ce mini, “Awaisu, kwana nawa mutumin nan a kwance, ba wanda ya sani a gidan. Ƙofarsa ta waje ce.” Ya faɗa yana huci.

Wannan yini ɗaya a mako shi ne duk abin da Malam Mudi ya mallaka. Sauran kwanakin jira ne kawai.

Sai hannun Baba Habila ya fara rawa. Da farko kaɗan, in ya ɗaga kofin shayi. Daga baya ƙafar ma ta shiga, in ya taka feda ba ta tsayawa inda ya so. Layinsa a kan guntun fata ya fara lanƙwasa. Ni na gani, don a wurina suke karɓar guntayen. Da kasuwa ta zagayo Malam Mudi ya zo da ƙaramin fuli a aljihu, ya sauya, keke ya rage gudu, layin Baba Habila ya koma ya miƙe. Aka yi damina aka yi kaka, rawar ta ƙaru, ya kawo wanda ya fi ƙanƙanta. Da na kasuwa suka ƙare, ya je wurin masu fere ƙarfe a Funtuwa aka yi masa wani. Ya ƙara wa sandar feda tsawo, ya sa wani wili a tsakani. Har sabon injin nan na zamani marar ƙara ya aro ya kawo, Baba Habila ya ce a fitar masa da shi, keken da ba ya magana ba nasa ba ne. Keken da a da in ya tashi sai kwanon shago ya amsa, ya koma taf, taf, taf, kana iya ƙirga hudar da baki. Samarin layi suna dariya, wai keken Baba ya zama hawainiya. Baba Habila ya ce ai tsufa ne ya kama keken, shi kam garau yake.

Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci rawar hannun ba.

Ranar da abin ya faru ba ranar kasuwa ba ce. Ina auna wa wani gam na ji ihu. Na ruga na tarar allura ta shiga ɗan yatsan Baba Habila ta farce ta fito ta ƙasa, ta haɗa shi da fatar da yake ɗinkawa. Allurar fata fa, ba ta yadi ba, bakinta kamar 'yar wuƙa. Ni na juya wili da hannu na zare ta, na kai shi aka ɗaure. Ni ne kuma na kira Salama a waya. Ya yi fushi da ni, na ce ya yi ta yi.

Salama ta iso. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya, amma in ta kafe ta kafe. Ta ce ya isa haka, ya tattara su tafi Jos, akwai ɗaki, akwai jikoki, akwai likita. Ya ce ba inda za shi. Ya rantse mata keke ne ya zabura, tsufa ya yi, gyara kawai yake so. Ina jin su ta bango.

Ta ce, “To Baba, ba zan yi musu da kai ba. A shagon nan na girma, na san yadda ake ganewa. Mu jira Baba Mudi. In ya ɗinka layinsa ya ce keke ne, zan bar ka, a gyara. In kuwa nasa ya miƙe naka bai miƙe ba, za ka bi ni.”

Can ya ce, “Na yarda.” To me zai ce? Duk layin nan ba wanda ya taɓa ɗaukaka ƙara a kan guntun fatar Malam Mudi.

Ranar kasuwa na tare Malam Mudi tun a bakin layi na gaya masa yadda aka yi. Ya tsaya da akwati a hannu.

“Jos?” in ji shi.

Na ce Jos.

Ya wuce shagunan da ke jiransa, ko kallonsu bai yi ba. Baba Habila bai yi masa tsiyar da ya saba ba, yana zaune a benci da yatsa a naɗe. Salama ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba Mudi, sannu da hanya. Ina gajiya?”

Ya ce babu.

Ta ce, “Kai nake jira. Abin da ka ce shi za a yi.”

Na bar shagona a hannun Allah na tsaya a bakin ƙofarsu. Ban taɓa ganin Malam Mudi ya daɗe a kan keke irin na ranar ba. Ya kwance abin da bai kamata a kwance ba. Ya fitar da ƙoshiya ya goge ya mayar, ya sake fitarwa. Ya cire allura sabuwa ya sa wata sabuwa. Ya duba bel ɗin da shi ya sa shi da hannunsa kwanan baya. Azahar ta yi, Baba Habila ya ce a hankali, “Tashi ka yi sallarka,” bai ƙarasa sauran ba. Malam Mudi ya idar ya daɗe a zaune a kan darduma. Ya dawo ya ɗiga mai a inda ya riga ya ɗiga. Daga ƙarshe dai abin kwancewa ya ƙare. Ya ce, “Awaisu, ba ni fata.”

Na yanko masa mai kyau, ja, marar tabo. Ya zauna, ya saukar da ƙafar keke, ya taka. Taf, taf, taf. Layi ya taho sak har tsakiya. Daga inda nake tsaye ina ganin hannunsa na hagu. Sai na ga babban yatsansa ya ɗan tura fatar. Kaɗan fa. Layi ya kauce, ya dawo, ya sake kaucewa, ya ƙare a karkace. Shekara da shekaru ina fatan in ga ranar da layin mutumin nan zai karkace, ga ta ta zo, kuma na ji kamar in yi kuka.

Ya yanke zare ya miƙa wa Salama, idonsa a kan tebur.

“Keke ne,” in ji shi. “Sandar allura ta ci. Sai na nemo wata a Kano. Zai ɗau lokaci.”

Salama ta dubi guntun, ta dubi mahaifinta, ta sauke numfashi. Ta yarda. Wa zai ƙi yarda? Ta ce, “To shi ke nan, tunda kai ka faɗa.” Ni kuwa na ja bakina na tsuke.

“Kawo nan,” in ji Baba Habila.

Ya karɓa ya kai kusa da ido, ya juya bayan ya shafa da yatsa mai lafiya. Sai ya miƙe.

“Tashi, Mudi. Ai ba a gama ba. Saura nawa.”

“Ba sai ka yi ba. Hannunka da ciwo.”

“Yaushe aka fara layi ɗaya a shagon nan? Tashi.”

Ya zauna ya ɗinka. Allah sarki. Duk da jinkirin keken, hannu yana rawa, fata tana rawa, layi ya tafi kamar hanyar tururuwa. Ya kai ƙarshe da ƙyar, ya yanke zare, ya kira 'yarsa.

“Zo ki gani, ke da kika ce a nan kika girma. Bar kallon karkatar, dubi hudar. Akwai wadda ta fi wata tazara? Akwai tsallake? Juya bayan. Kin ga ƙulli?”

Ta ce babu.

“To keken da sandarsa ta ci ba ya irin wannan ɗinki. Keken nan ya fi ni lafiya, ya fi ki. Hannu ne ya karkata, nawa da nasa. Nawa ciwo ne.”

Ya juya wurin abokinsa. Muryarsa ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba.

“Mudi, tun muna da baƙin gashi nake ganin layinka. Mutane sun zage ka a kansa, ga Awaisu nan har yau bai huce ba. Ba ka da gona, ba ka da mata, shi kaɗai gare ka. A kan kekena za ka zubar da shi? Haba, Mudi. In na zauna a kan wannan, kullum ka zo me za mu ɗinka?”

Malam Mudi bai ɗago ba. Yana ta goge sukundireba da tsumma, alhali ba abin da ya taɓa ta. Can ya ce, “Akwai wani fulin da ban gwada ba.”

“Babu,” in ji Baba Habila. “Ka sani, na sani. In ka ƙara rage masa gudu, tsayawa zai yi.” Ya dubi Salama. “Je ki haɗa kayan.”

Ta shiga ciki tana share ido da bakin gyale. Su kuwa suka sha shayinsu duk da haka. Malam Mudi ne ya zuba, don hannun Baba Habila ba zai iya ba. Gyaɗar ba wanda ya kwance ta. Na koma shagona na saurara ta bango, ban ji komai ba har la'asar.

Kafin kasuwa ta zagayo sun tafi. Baba Habila ya bar mini saƙo cewa keken na Mudi ne, da buta da darduma da filas. Ni na nemi motar masara aka ɗora su zuwa Funtuwa.

Malam Mudi ya zo ranar kasuwa yadda ya saba. Ya gama zagayensa, ƙafa ta kawo shi bakin rufaffen shago, ya tsaya. Na kira shi benci na aika aka kawo shayi. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na kawo zancen taki, na kawo zancen hanya, ya ce uhm. Na gwada tsokanarsa irin ta Baba Habila, sai ta fito mini kamar faɗa. Ya shanye ya ce ya gode, ya tafi tasha tun rana na tsaka. Daga nan ya daina zuwa sai in an kira shi. Shagon Baba Habila ma yanzu wani mai cajin waya ne a ciki.

Malam Mudi ya je Jos sau ɗaya. Na tambaye shi jikin Baba, ya ce da sauƙi, ana kula da shi, ɗakinsa mai kyau ne. Na ce to me ya dawo da kai washegari? Ya ce, “Ba keke a gidan.” Daga baya Salama ta gaya mini a waya, wuni suka yi a falo suna kallon talabijin, kowa da hannunsa a cinya. Sun rasa ta inda za su fara.

Kwanan baya zaren sayarwa ya ƙare mini a ranar da bai kamata ba, ranar kasuwarmu, dole na rufe shago na tafi Funtuwa da safe. Da na gama sari na ce bari in leƙa Malam Mudi. An yi sa'a akwai wuta. Tun daga waje na ji taf, taf, taf.

Keken ya cinye rabin ɗakin, katifa ta koma jikin bango. Na san masu takalma da yawa sun nemi ya sayar musu, ko ya mayar da babban fuli ya ba da haya. Ya ce keken a saite yake, ba a taɓawa. Na tarar ya share, ya ɗiga mai, yana ɗinka layi a kan guntun fata. Sak. Ya yanke zare. A kan taga ga wasu guntayen an tara, kowanne da layi ɗaya a gefe, ɗaya gefen an bar shi fili. Jan nan mai karkatattun layuka biyu yana rataye a ƙusa a saman keken.

Na ce cikin wasa, “Malam, kawo in yi na biyun mana. Yanzu ai na girma, gaggawar ta ragu.”

Ya dubi hannuna, ya dubi ƙafata, ya daɗe yana dubawa har na ɗauka zai tashi ya ba ni wuri. Sai ya ce, “Ba da ƙafarka aka saita shi ba, Awaisu.”

Ya saka guntun a ƙarƙashin ƙafar keke, ya saukar, ya ja zane ya rufe. Ya ɗauko filas ɗin Baba Habila ya zuba mana shayi. Muka sha har aka kira azahar. Na ga ya ajiye kofi ya ɗan dakata, kunnensa a karkace, kamar mai jiran a ce masa wani abu. Ni na san maganar, tana kan harshena, amma ba tawa ba ce. Da ya ji shiru, ya ɗauki butarsa ya fita.